Batiri, kalangu ko bit ɗin kwamfuta: wanne za ka zuba kuɗɗinka a kai?

Kusan duk sati sai wani yaro ya tare ni a fada ko ya turo min murya ta WhatsApp, babban yaya na ɗan tara kuɗɗi, batiri zan saya ko kwamfuta? Kwanan baya ma wani daga wajen Madarumfa ya ce shi har ya saida ragonshi, shawarata kawai yake jira. Ni ko tambaya nike maida ma kowa: a ina za ka buga kiɗan nan, kuma wa zai saurara? In ba ka da amsa, to bar kuɗɗinka a aljihu tukuna, kayan ba gudu za su yi ba.

Ni da ƙwarya na fara, na zo na buga batiri a wata orkes da ta watse tuni, yanzu ɗan sutudiyo gare ni na ɗaki guda. Duka ukun na ci wuyarsu, shi ya sa zan faɗa ma yadda kowane yake a nan Maradi, da zafinmu da ƙurarmu da wutarmu, ba yadda ake nunawa a YouTube cikin ɗaki mai sanyi ba.

Mu fara da batiri, tunda ita ke ruɗin samari. Ba batirin mota nike nufi ba don Allah, gangunan nan na orkes da mutum guda ke zama a tsakiya yana bugawa hannu da ƙafa. Wadda aka fi gani ita ce mai guda biyar: babbar ganga ta ƙafa wadda muke ce ma gros kes, galibi inci 22, sai kes kiler mai inci 14 wadda ke da 'yan wayoyi a ƙasanta masu sa ta yi ƙarar nan "tas", sai tom biyu a sama da ɗaya a ƙasa mai inci 16. Faya-fayan ƙarfe ba su cikin lissafin biyar ɗin, akwai sharleston da ake takawa da ƙafar hagu, akwai mai fashewa ta inci 16, akwai babba ta inci 20 da ake riƙe tafiyar kiɗa da ita. Abin da ya sa mutum guda ke iya aikin mutum uku shi ne fedal ɗin ƙafa, wanda kamfanin Ludwig na Amurka ya fito da irin nashi tun 1909.

To amma ga gaskiyar da mai saidawa ba zai gaya ma ba: kashi mafi yawa na abin da za ka buga a biki ko a kan dandamali, abu uku ne ke yin shi, gros kes, kes kiler da sharleston. Sauran ado ne, sai wajen juyi kake taɓa su. Don haka in orkes gare ku kuma adaidaita ce motarku, nemi ƙarama, gros kes mai inci 18 ko 20, tom guda a sama guda a ƙasa, shi ke nan. Mai 22 da tom uku sai kun yi sawu biyu, ga mai adaidaita na ta tsaki yana cewa a gani na kayan aure ne. Mai 22 ta fi kauri a kunne, wannan gaskiya ne, amma in dai za a sa mata mikro a filin biki bambancin ba ya kai wahalar ɗaukarta.

In ta hannu za ka saya, kuma galibi ta hannun ce za ka samu ko daga Yamai ko daga Kano, kar ka kalli ƙyallin fenti. Kwance fatar guda, ka aza kangon a kan tebur mai santsi ka gani ko bakin ya zauna daidai, in yana rawa ko ya zama kamar ƙwai to ba za ta taɓa ɗaurewa daidai ba har abada. Ƙirga kusoshin ɗauri, kowane ya juyu. Ɗaga faifan ƙarfe ka duba bakinshi da ramin tsakiya a rana, in ka ga tsaga ko da kamar gashi ce to tafiya za ta yi ta yi, mai walda kuma ba ya gyara ta, kashe sautin yake. Ƙarafunan nan su ne masu tsada, irin su Zildjian, gidan da ya samo asali a Istambul tun 1623, faifai guda na iya kai kuɗɗin ƙaramar batiri sukutum. Ganga mai arha in ka sa mata fata mai kyau ka ɗaure da kyau za ta yi daɗi, amma faifai mai arha murfin tukunya ne, ba dabarar da za ta canza shi.

Ɗauri kuma da ɗan makulli ake yi, kana tsallakawa: ka juya wannan rabin zagaye, ka tsallaka na gabanshi kai tsaye, ka dawo na gefe, kamar yadda mai faci ke ɗaure tayar mota. Ka riƙa ɗan bugun fatar kusa da kowane kusa har sautin ya zama ɗaya. Sa filo ko tsohon bargo a cikin gros kes ya taɓa fatar, sannan ka shimfiɗa darduma a ƙasa, in ba haka ba tana ta guduwa gaba kana bin ta da ƙafa. Abu guda da zan yaba ma batiri: fatarta roba ce, tun wajen 1957 anka koma irin wagga, don haka damina da hunturu ba su dame ta ba sosai.

Matsalarta babba ba kuɗɗi ba ce ma, maƙwabta ne. Batiri ba ta da maɓallin rage ƙara. Kowa ya san garinmu, da wuya ka yi taku ɗari ba ka wuce masallaci ko makarantar allo ba, kuma mutane na da haƙƙinsu. Ni kaina sau biyu mai unguwa na aiko a kira ni, na biyun har da tsohona a zaune, ban manta kallon da ya yi min ba. In ba ka da wurin da za ka yi awa biyu kullum kana horo ba tare da an zo sallama ba, kar ka saya. Tafi MJC, gidan matasa da al'adu, ko wajen masu orkes ka roƙi lokaci, ka sayi sandunan kiɗa masu lamba 5A ka yi ta horo a kan filo a gida, hannu na gogewa a haka.

Akwai mai lantarki, wadda ake sa kask a kunne a buga shiru, Roland sun fito da nasu V-Drums a 1997, yanzu kuma akwai masu sauƙin kuɗɗi irin na Alesis. Tana warware rigimar maƙwabta, kuma waya guda za ka ja zuwa kwamfuta. Sai dai ƙura na shiga ramukan wayoyinta, in kan, wato akwatin da ke fidda sautin, ya ƙone kuma wa zai gyara ma a nan? Wanda nike ganin ya fi amfani shi ne ɗan faifan nan mai gida takwas irin Octapad, ka rataya a kafaɗa ka hau kabu-kabu. Amma kar ka kuskura ka jona shi a gurup, injin wuta, ba regilater mai daidaita ƙarfin wutar.

Yanzu mu zo gida.

Abin da yawancin yaranmu ba su lura da shi ba, kalangu ba ganga ba ce kawai, baki ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ka ce kuka na hawaye ka ce kuka ta miya, ka ce wuya na jiki ka ce wuya ta wahala, harufan guda ne, muryar ce ta bambanta. To makaɗi in ya saƙale kalangu a hamata, ya matse tsarkiya sautin ya hau, ya saki ya sauka, wannan hawa da saukar yake bi, shi ya sa tsohuwa na cikin ɗaka za ta ji an kaɗa taken mijinta ta gane, ba wanda ya buɗe baki. Batiri ba ta iya wannan. Kwamfuta ma in ka ɗauki bugu guda na kalangu ka jera shi a layi, abin da za ka samu gawar kalangu ce, siffar na nan ran ya fita. Ka saurari yadda makaɗan Shata ke amsa mishi, za ka ji gangar na maimaita maganar ne, ba lokaci kawai take riƙewa ba.

Kuma ba a kaɗa shi shi kaɗai. Akwai babba mai magana, akwai ɗan karɓi, akwai kurkutu ƙarami da ke riƙe tafiya ba ya kaucewa. Wannan tsari ka riƙe shi da kyau don shi za ka kwaikwaya in ka zauna gaban kwamfuta: ɗaya na tsaye, ɗaya na amsawa, ɗaya na yawo.

Sai ka san kowane kiɗa da mai shi. Kalangu asalinshi na mahauta ne kafin ya zama na kowa, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na fada ne, tambari ko ba a maganarshi, na sarauta ne, ba abin da za ka tsoma a waƙar soyayya don ka ji yana da kauri. Duma kuma tamu ce ta nan yankin, duk wanda ya ga 'yan rawar duma sun taso ƙura ya san ba bafil ɗin da ke ba ka wannan a ƙirji. In kana son makaranta kyauta, ran da ake kokowa tafi fili, wanda anka sa ma sunan Kantu, ɗan Maradin da ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a Tawa a 1975. Kar ka kalli 'yan kokowar, zauna kusa da makaɗa ka ga yadda kiɗan ke canzawa in ɗan kokowa ya shigo yana kirari, da yadda yake tsinkewa dif in an yi kaye. Ba wanda ya ƙirga musu ɗaya biyu uku, ido ne da kunne.

Wanda bai gaji kiɗa ba kuma yana son ya fara, ni ƙwarya nike ce mishi. Samu babba mai kauri, ka kifa ta a kan bargo ko 'yar katifa, dunƙulen hannu a tsakiya ya ba ka "dum", yatsu da zobe ko 'yan tsinke a gefe su ba ka "kas". Ka ga gros kes da kes kiler ke nan a kuɗɗin da bai kai na kalaci biyu ba. In ta tsage ka kai ma gyartai, in ta fashe ka sayi wata. Iyayenmu mata sun daɗe suna wannan a amada, har da wadda ake kifawa a ruwa, mu ne munka raina. Jembe na da daɗi kuma yana da ƙara, amma ka sani baƙo ne, daga ƙasashen Mali da Gine ya zo, sauti uku gare shi, na tsakiya mai kauri, na baki, da mari. In ka cika shi a waƙar Hausa sai ta tashi daga nan ta koma Bamako. Kaɗan dai.

Wahalar kayan fata yanayi ne. Da damina fatar na saki, sautin ya yi lagwab, sai an shanya a rana ko an ɗan gasa nesa da garwashi, nesa fa na ce, na ga wanda ya ƙona jembe sabo fil garin gaggawa. Da hunturu kuma ta ɗaure tamau har ta iya fashewa da kanta cikin dare, don haka a sassauta in an gama. Kar a bar ta a kan rufin mota da rana, kar a ajiye ta a ƙasa inda gara da ɓera, a rataye ta cikin jaka.

Sai kwamfuta da bit ɗinta, wato kiɗan da ake haɗawa a cikinta, ita ce ta ci kasuwa, kuma da dalili. Mutum guda a ɗaki guda zai fidda waƙa sukutum, ba ya jiran mai gita da ya tafi Konni bai dawo ba. Na'urar kiɗa ba yau ta fara ba, TR-808 ta Roland da duk 'yan rap ke kiran sunanta 1980 ta fito, sutudiyoyin Kano kuma sun yi shekaru suna fidda waƙoƙin fim da fiyanon Yamaha kafin kowa ya koma kan allo. Yanzu manhajar haɗa kiɗa FL Studio ce a hannun kusan kowane yaro, ta wani kamfani ce na Beljiyam, da can FruityLoops ake ce mata. Wasu na aiki da Cubase, wasu a salula ma suke haɗawa da BandLab wadda kyauta ce. Kwamfuta ta hannu mai RAM giga 8 da SSD ta isa ka fara, sai kart son, ɗan akwatin da ke haɗa mikro da kwamfuta, mai ƙofa biyu, mikro guda, kask mai rufe kunne. Mai ɗaukuwa ta fi ta tebur nesa ba kusa ba, don in anka ɗauke wuta batirinta zai ba ka damar ajiye aiki. Wanda ya yi aiki a 2023 lokacin da wutar da ke zo mana daga Najeriya ta tsaya ya san abin da nike faɗa. Kuma da zafin watan huɗu da na biyar ɗaga ta a kan 'yan katakai iska ya shiga ta ƙasa, kar ka aza ta a katifa. Ga wani abu da ya kama yara da yawa: FL ta gwaji tana bari ka ajiye aiki amma ba ta bari ka sake buɗe shi sai ka biya. Ta sata wadda ake tura ma ka a kile kuma, ai ka san da cutar kwamfuta take zuwa, ni aikin wata uku ta taɓa cinye min.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka buɗe FL za ka ga gidaje 16 a jere, huɗu-huɗu. Haka anka gina ta, don kiɗan da anka yi ta dominshi haka yake tafiya. Kiɗanmu da yawa kuwa uku-uku yake tafiya, abin da masu karatun kiɗa ke rubutawa 6/8 ko 12/8. Yaro zai ji kiɗan kalangu a kanshi, ya zo ya tura shi cikin gidaje 16 da ƙarfi, ya fito yana ɗingishi, shi kuma ya rasa me ya faru sai ya ƙara bas. Ba bas ba ne. Maida gidajen 12, ko ka shiga inda ake jera sauti ka sa layukan su rabu uku a kowane bugu. Sannan gwada wannan yanzun nan: sa ganga mai kauri a gida na 1, 4, 7 da 10, sa wani ɗan ƙaramin sauti mai kaifi a 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Kunna. Ka ji yadda biyu da uku ke jan juna, kafaɗarka ta fara motsi da kanta? Wannan ne ƙashin bayan abin, daga nan sai ka yi ta cirewa da ƙarawa. Ba duka kiɗanmu ke haka ba, akwai masu tafiya huɗu, amma ka fara tafa waƙar da hannu ka ƙirga kafin ka taɓa linzamin kwamfuta.

Na biyu, ƙarfin bugu. Hannun mutum bai taɓa bugawa sau biyu da ƙarfi guda ba, na'ura kuwa daga 0 zuwa 127 take aunawa, in ka bar su duka a wuri guda sai ka ji kamar injin niƙa. Rage na tsakiya, ƙara na kan gaɓa. In da hali ma ka buga da yatsa a kan fiyano ka bar 'yan kurakuran, kar ka danna abin nan da ke jawo komai kan layi ɗari bisa ɗari.

Na uku, wa zai saurara? Mutanenmu a salula suke ji, ko a 'yar rediyon mai shayi, ko bafil ɗin adaidaita da ya sha ƙura. Lasifikar salula ba ta fidda sautin can ƙasa, don haka 808 ɗin, gangar nan mai kauri ta na'ura, da ke girgiza ma kask, a wajen mai saurare babu shi sam, sai ya ji waƙa ba gindi. Maganin shi ne ka ɗora mishi wani sauti mai ɗan tsakiya a kai, kuma wallahi ban ga abin da ya kai dunƙulen hannu a kan ƙwarya ba. Kafin ka ce ka gama, tura a salularka ka fita waje ka saurara a cikin hayaniya. In za ka aika ma mawaƙi, fidda WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka tura a matsayin takarda, kar ka kunna ka ɗauka da murya kamar yadda wasu ke yi, Allah ya shirye ku.

Kuma don Allah a rage amfani da jakar sautukan da kowa ke da ita. Ka ji waƙa goma a kile guda, ganga iri ɗaya, tafi iri ɗaya, tun da amapiano ta Afirka ta Kudu ta shigo kuma kowa sai ya tura gangar nan tata mai gurnani ko ta dace ko ba ta dace ba.

Abin da nike yi yanzu, kuma shi nike ba kowa shawara in waƙar sutudiyo ce: kwamfuta ta riƙe ƙashi, hannu ya sa nama. Amma yadda za ka haɗa su akwai ladabi a ciki, kuma ni da kunya na koya.

Ran farko da na ɗauko wani dattijo makaɗin kalangu daga wajen Tibiri, na zaunar da shi, na sa mishi kask, na kunna ɗan ƙararrawar nan mai ƙirga lokaci, tik tik tik. Bai yi minti guda ba ya cire ya aje a gwiwa. Ya ce ɗana, wane ne ke ƙwanƙwasa ƙofa tun ɗazu ba a buɗe mishi ba? Na ce Baba ai shi za ka bi. Ya yi dariya ya ce shi tun yana goye waƙa yake bi, bai taɓa bin ƙusa ba, a kira mai waƙar. Na ji haushi a raina don na riga na biya kuɗɗin mota, amma na kashe abin, na sa mawaƙin ya tsaya gabanshi yana rerawa a hankali, ni kuma na kunna ƙwaryar da na ɗauka tun farko tana zagayawa a madadin ƙararrawar. Sau biyu kawai munka ɗauka.

Don haka ga yadda za ka yi. Fara da mawaƙi, ya rera ba kiɗa yana tafi, kai kuma ka danna maɓallin auna sauri daidai da tafinshi, nan za ka samu saurin waƙar na gaskiya, ba wanda ka ƙaƙaba mata ba. Ɗauki ƙwarya ko kurkutu na 'yan daƙiƙu, zaɓi inda ya fi zama, ka sa ya yi ta zagayawa. A kan wannan ka gina gangar ƙasa da bas, kaɗan, ka bar fili. Kalangu shi ne na ƙarshe, bayan muryar gwaji ta shiga, don magana yake amsawa, in ba maganar me zai amsa? In kuma makaɗin ya ƙi kowane irin zagaye, ƙyale shi ya kaɗa yadda yake so, kai ka bi shi daga baya ka jera naka a kan nashi. Ya fi cin lokaci amma ya fi daɗi.

Mikro kar ka manna shi a fata. Kalangu na motsi a hamata, in ka matso da yawa sauti zai riƙa zuwa yana tafiya, ba shi kamar taƙi biyu zuwa kamu guda, ya kalli bakin da gula ke sauka. Mikro irin SM57 ko SM58 ya isa, ba sai mai tsada ba. Ce ma makaɗin ya buga mafi ƙarfin da zai buga, ka daidaita shigar sauti yadda ba zai taɓa ja ba, don in ya yi zafi a tsakiyar waƙa zai ninka abin da ya gwada ma. Kashe fanka ko da zufa za ta kashe ku. Ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa gare shi, jingina katifu biyu a kusurwa ka shimfiɗa tabarma, in ko kana da ɗakin ƙasa na kaka a gida to gwada can, ni a nan na fi samun sauti mai tsabta. Wajen haɗawa yanke ma kalangu sautin can ƙasa, abin da ke ƙasa da Hz 80 ko 100, don ya bar ma bas wuri, kuma kar ka sa mishi otocun, abin nan mai miƙar da murya, zamewar nan tsakanin sauti da sauti ita ce maganar, in ka miƙar da ita ka yanke mishi harshe. Batiri ko in ita za ka ɗauka, shirya mikro huɗu aƙalla in kana son ka juya kowane sauti daban, ɗaya gros kes, ɗaya kes kiler, biyu a sama, ka ga kart son mai ƙofa biyu ta gaza ke nan. Wani dalilin ne da ya sa ban cika ba mai ƙaramin sutudiyo shawarar ta ba.

Maganar sallama a yi ta kafin a kunna komai. In za ka yanki kiɗanshi ka yi amfani da shi a wasu waƙoƙi, gaya mishi ƙarara ka biya na wannan daban, ba daidai ba ne ka ba dattijo kuɗɗin goro sau guda ka yi shekara biyar kana cin hannunshi. Sa sunanshi a jikin waƙar, in za ka kai ta rajista BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, can ma a rubuta shi.

Filin biki kuma wata duniya ce. Bit ɗin da ke da farko da ƙarshe ba ya aiki a nan, don ba ya jiran kowa. Uwar amarya ta fito da ƙawayenta ana liƙi, mawaƙi na son ya tsaya a kanta ya yi ta wasa ta, kiɗanka kuma ya kai minti huɗu ya mutu, ka ga an ji kunya. Shirya zagaye marar ƙarshe wanda kai za ka tsayar da hannu, kuma mai kalangu ya tsaya kusa da mawaƙi don shi zai kaɗa taken duk wanda ya shigo fili. Ranar da gurup ya shanye mai ana tsakar rawa a wani biki a unguwar Zariya, fiyano da bafil duk sunka yi tsit, mai kalangu da yaronshi ne sunka riƙe filin har anka dawo daga sayen mai, matan ma ba su zauna ba. Tun ran nan ban ƙara zuwa biki ba tare da makaɗin hannu ba, ko da kuɗɗin zai ragu a kasona.

Wanda ya saida ragon nan dai na ce mishi ya nemi kwamfuta ta hannu da kask, ya sayi ƙwarya biyu a kasuwa, canjin ya aje na sallamar makaɗa, batiri ta jira sai ya samu mutum huɗu da za su riƙa zuwa horo ba fashi.

Dattijon Tibiri kuwa da na gama haɗa waƙar na sa mishi a kati na kai har gida. Ya saurara a salular jikanshi sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ce ɗana, ƙwaryarka ta makara a amshi na biyu. Na ce Baba na'ura ce fa ke riƙe da ita. Ya ce to na'urar ta makara. Na dawo na buɗe aikin na duba, ashe garin jan wani abu na ture ta gaba da ɗan ƙiris ban sani ba, sai da na faɗaɗa allon sosai kafin na gani.